Dokoki da Ƙa'idojin Farautar Barewa a Jihar Wiskonsin ta Ƙasar Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, kowace jiha ce ke da hurumin tsara dokokin farautar namun dajin da ke zaune cikin iyakokinta. Gwamnatin tarayya takan sa baki ne a kan tsuntsaye masu ƙaura, da dabbobin da ke gab da ƙarewa, da kuma safarar naman da aka samu ta haramtacciyar hanya daga wata jiha zuwa wata, abin da dokar Lacey ta shekarar 1900 ta hana. Saboda haka abin da ya halatta ga maharbi a wata jiha yana iya kai shi gaban alƙali a jihar da ke maƙwabtaka da ita. Domin mu bayyana yadda irin waɗannan dokoki suke aiki, mun ɗauki jihar Wiskonsin da ke arewacin tsakiyar ƙasar, inda mutane fiye da rabin miliyan suke sayen lasisin farautar barewa da bindiga a kowace shekara.

Ya kamata tun farko mu yi wa mai karatu bayanin dabbar da muke magana a kai. Mun kira ta barewa ne don ita ce mafi kusa da ita a cikin dabbobin da muka sani, amma danginsu daban ne. Barewar dajinmu ƙahonta ba ya da rassa, kuma yana tare da ita har mutuwa. Ita kuwa ta Wiskonsin, mai farin ƙarƙashin wutsiya, namijinta ne kaɗai ke da ƙaho a bisa al'ada, ƙahon yana yin rassa kamar itace, yana faɗuwa a cikin hunturu, sannan wani sabo ya tsiro da bazara. Wannan bambanci yana da muhimmanci ainun, domin kusan dukkan dokar farautar an gina ta ne a kan rarrabewa tsakanin barewa mai ƙaho da marar ƙaho.

Wane ne ke da barewa?

Babi na 29 na kundin dokokin jihar ya tanadi cewa mallakar dukkan namun daji tana hannun jiha, wadda take riƙe da su amana domin jama'a. Ma'anar wannan ita ce barewar da ke kiwo a gonar mutum ba tasa ba ce. Mai gona yana da ikon hana kowa shiga gonarsa, amma idan shi kansa yana son ya harbi barewa a cikinta, dole ne ya sayi lasisi, ya jira lokacin farauta, ya kuma yi rajistar abin da ya harba kamar kowa. Haka nan sayar da naman barewar daji haramun ne. Mutum yana iya ci, yana iya kyauta, amma ba ya kai shi kasuwa.

Majalisar dokokin jihar ce ke yin manyan dokoki, ita kuma Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, wadda aka kafa a 1967, ita ce ke aiwatarwa tare da fitar da ƙa'idoji dalla-dalla. A saman ma'aikatar akwai hukuma mai mambobi bakwai waɗanda gwamna ke naɗawa, kuma ita ce ke amincewa da tsarin farautar kowace shekara. Jama'a ma suna da ta cewa. Tun 1934 akwai majalisar ba da shawara ta 'yan ƙasa, wadda kan gudanar da sauraron ra'ayi a watan Afrilu a dukkan gundumomi 72 na jihar.

Yadda dokar ta faro da yadda ta juya

Wanda ya karanta ƙa'idojin yau ba tare da sanin tarihinsu ba zai ga kamar suna karo da juna, domin wasu suna kare barewa, wasu kuma suna kwaɗaita wa maharbi ya ƙara kashewa. Dalili shi ne an yi su a zamani biyu mabambanta.

A zamani na farko barewa ce ke ƙaranci. Masu saran katako da masu farautar kasuwa sun yi mata ɓarna mai yawa a ƙarni na 19. A 1851 aka fara keɓe watannin da ba a farauta. A 1876 aka hana farautarta da karnuka a duk faɗin jihar, a 1887 aka hana farautar dare. A 1897 aka fito da lasisi, dala 1 ga ɗan jiha, dala 30 ga baƙo, aka kuma iyakance wa kowane maharbi barewa biyu. Duk da haka adadin ya ci gaba da raguwa, har a 1915 aka ce namiji kaɗai za a harba, daga baya ma aka riƙa rufe farautar shekara guda a buɗe shekara guda. Hikimar barin mace a fili take. Namiji ɗaya yana iya barbarar mata da dama, don haka kashe maza ba ya rage haihuwa sosai, amma kowace macen da aka kashe an rasa 'ya'yan da za ta haifa, sau da yawa tagwaye.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Dazuzzukan da aka sare suka tofo da ƙananan tsirrai, waɗanda su ne abincin da barewa ta fi so, kerkeci da sauran masu cin ta kuma suka yi ƙaranci. Kafin shekarun 1940 barewa ta yi yawan da take cinye ƙananan itatuwa ƙarƙaf, sannan ta mutu da yunwa a cikin hunturu. Masanin nan Aldo Leopold na Jami'ar Wiskonsin, wanda ya shiga hukumar kula da gandun daji ta jihar a 1943, yana cikin waɗanda suka dage cewa maganin abin shi ne a harbi mata. A wannan shekara aka buɗe farautar mata da ƙanana bayan shekaru da yawa, aka kashe barewa kimanin dubu 128. Jama'a suka fusata matuƙa, maharba suka laƙaba wa abin suna "laifin 1943", Leopold kuwa ya sha zagi har ƙarshen rayuwarsa a 1948.

Mun daɗe a kan wannan labari ne domin gardamar da ta tashi a 1943 ba ta kwanta ba har yau. Masana suna son a rage garke don daji da gonaki su huta, maharbi kuwa yana son ya ga barewa da yawa idan ya fita. A 1996 aka gwada wata doka mai tsauri, wadda ta ce a wasu yankuna sai maharbi ya fara harbin barewa marar ƙaho ya yi rajistarta kafin ya sami izinin harbin namiji. A ganinmu babu wata ƙa'ida da ta kai ta tasiri wajen rage yawan barewa, kuma babu wadda maharba suka ƙi kamarta. A shekarar 2000 an kashe barewa fiye da dubu 600 a jihar, adadin da ba a sake kaiwa ba. A 2011 majalisar dokoki ta soke waccan doka, Gwamna Scott Walker ya sa hannu. Shi ne kuma ya gayyato Dokta James Kroll daga jihar Texas ya duba tsarin baki ɗaya, kuma a kan rahotonsa na 2012 aka kafa kwamitocin ba da shawara a kowace gunduma daga 2014. Waɗannan kwamitoci, da suka haɗa da wakilan maharba da manoma da masu gandun katako, su ne ke ba da shawarar ko a ƙara yawan barewar gundumarsu, ko a rage, ko a bar shi yadda yake, da kuma yawan izinin harbin mata da za a bayar.

Lasisi da wanda ya cancanci samunsa

Duk wanda aka haifa a ranar 1 ga Janairu 1973 ko bayanta, sai ya nuna takardar shaidar kammala horon maharba kafin a sayar masa da lasisi, sai fa idan ya yi horon farko na aikin sojan Amurka. Horon ya ƙunshi riƙon bindiga, da sanin doka, da ladubban daji. Wanda bai yi horon ba yana iya farauta a ƙarƙashin tsarin raino, wato ya fita tare da babban mutum mai lasisi, ɗan shekara 18 ko fiye, kuma kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce inda hannun mai rainon zai kai. An fara wannan tsari a 2009 ga yara 'yan shekara 10 zuwa sama, a 2017 kuma aka cire iyakar shekarun gaba ɗaya, matakin da ya jawo muhawara a ciki da wajen jihar. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 da ya yi horo yana farauta ne tare da uba ko uwa ko waliyyi. Daga shekara 14 yana iya fita shi kaɗai.

A shekarar 2024 kuɗin lasisin farautar barewa da bindiga dala 24 ne ga ɗan jiha, dala 200 ga wanda ba ɗan jiha ba, wanda kuma yake saye a karon farko cikin 'yan jiha ana yi masa rangwame zuwa dala 5. Ana ɗaukar mutum ɗan jiha idan ya zauna a cikinta zama na dindindin na kwana 30 a jere kafin ya nema. Ɗaliban da suka zo daga waje suna cikakken karatu a jami'o'in jihar suna saye a farashin 'yan jiha. Ga baƙon da ya shiga Amurka da bizar ziyara ko ta karatu akwai ƙarin abin lura: dokar tarayya ta hana irinsa riƙe bindiga, amma mallakar ingantaccen lasisin farauta na ɗaya daga cikin abubuwan da aka togace. Wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi kuwa ba ya riƙe bindiga ko da yana da lasisi.

Lasisin yana zuwa da izinin harbin namiji ɗaya. A wurin doka, namiji shi ne barewar da ke da aƙalla ƙaho ɗaya mai tsawon inci 3 ko fiye. Duk wadda ba ta kai haka ba marar ƙaho ce, ko da ɗan namiji ne. An raba jihar zuwa shiyyoyi huɗu, biyu na daji, biyu na ƙasar noma. A shiyyoyin noma, inda barewa ta yi yawa, galibi akan haɗa wa maharbi da izinin harbin marar ƙaho kyauta, wani lokaci fiye da ɗaya. A shiyyoyin daji kuwa sai ya saya daban idan akwai, kuma kowane izini yana ɗauke da sunan yankin da za a yi amfani da shi da kuma nau'in filin, na gwamnati ne ko na masu zaman kansu. Wanda ya harbi mace a filin gwamnati da izinin filin masu zaman kansu ya karya doka.

Yawan wannan izini yana canzawa kowace shekara, kuma hunturu na da hannu a ciki. Ma'aikatar tana ƙidaya ranakun da sanyi ya kai sifiri a ma'aunin Faranhait da ranakun da dusar ƙanƙara ta kai zurfin inci 18, daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Afrilu. Bayan matsanancin hunturun 2013 zuwa 2014, an hana harbin mata a yawancin gundumomin arewa domin garken ya farfaɗo.

Lokutan farauta

Masu baka da kibiya su ne ke fara fita, daga tsakiyar Satumba har zuwa farkon Janairu. An fara keɓe musu lokaci tun 1934. Baka mai kunama, wato wadda ake ɗanawa a saba a kafaɗa kamar bindiga, a da tsofaffi da naƙasassu kaɗai aka yarje wa, amma daga 2014 aka buɗe ta ga kowa. A watan Oktoba akwai kwana biyu na yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, da wasu kwanaki na naƙasassu.

Babban lokaci shi ne kwana tara na bindiga, wanda ke farawa ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na Amurka, bikin da ake yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. A waɗannan kwanaki ne ake harbe mafi yawan barewar shekara, kuma kaso mai tsoka daga ciki a ranaku biyun farko. Iyalai sukan taru a bukkokin daji da suka gada kaka da kakanni, wasu makarantun karkara ma sukan ba da hutu. Bayan wannan sai kwana goma na bindiga mai ɗurin baki, irin wadda muka sani da bindigar toka, sai kwana huɗu a Disamba na harbin marar ƙaho kawai, sai kuma wani zango daga 24 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu a wasu gundumomin noma da suka zaɓi haka.

A kowace rana ana fara harbi minti 30 kafin fitowar rana, a daina minti 20 bayan faɗuwarta. Littafin ƙa'idoji na kowace shekara yana ɗauke da jadawalin waɗannan lokuta, domin hantsi da almuru sun bambanta tsakanin gabashin jihar da yammacinta.

Tufafi da kiyaye rayuka

A shekarar 1914 maharba 24 suka mutu a lokacin farautar barewa a Wiskonsin, wasu 26 suka ji rauni, alhali masu lasisi a lokacin ba su kai sulusin na yau ba. A 1945 aka wajabta sa jajayen tufafi. Sai dai ja yakan yi duhu da asuba da almuru, don haka a 1980 aka maye gurbinsa da ruwan lemo mai ƙyalli. A 2016 aka yarda da ruwan hoda mai ƙyalli a matsayin zaɓi, kuma Wiskonsin ce jiha ta farko da ta yi haka. Ƙa'idar ita ce aƙalla rabin tufafin da ke waje daga ƙugu zuwa sama su kasance da ɗaya daga cikin launukan biyu, hula ma idan an sa haka. Wannan ya shafi har mai baka da mai farautar zomo muddin lokacin bindigar barewa ne. Mai maɓoya a ƙasa cikin filin ma'aikatar sai ya liƙa mata ƙyalle mai wannan launi wanda za a hango daga kowace fuska. Barewa ba ta rarrabe ruwan lemo da kyau, motsi da wari ta fi lura da su, saboda haka maharbi bai yi asarar komai ba. Tun da aka haɗa wannan doka da horon maharba, wanda aka fara a 1967, haɗurran bindiga sun ragu ƙwarai, har akan yi shekarun da kwana taran ke ƙarewa babu wanda harsashi ya kashe.

Har ila yau, an hana harbi daga kan hanyar mota ko a tsallaka ta da harsashi, ko daga wurin da bai kai ƙafa 50 daga tsakiyarta ba. An hana harba bindiga a tazarar da ba ta kai yadi 100 daga gidan da mutane ke zaune ba idan filin na wani ne, sai da izinin mai gidan. An kuma hana ɗaukar doguwar bindiga da harsashi a cikinta a motar da ke tafiya.

Hanyoyin da aka haramta

Farautar barewa da karnuka tana nan a haramce tun 1876, sai dai an yarda a bi sawun wadda aka ji wa rauni da kare ɗaure da igiya. Haramun ne a ɗana mata tarko, ko a yi amfani da jirgin sama, har da ƙananan jirage marasa matuƙi. Haramun ne a haska ta da fitila alhali mutum yana ɗauke da bindiga ko baka, domin barewa takan daskare idan haske ya dalle mata ido. Ko da babu makami, an hana haska namun daji daga ƙarfe 10 na dare zuwa ƙarfe 7 na safe tsakanin 15 ga Satumba da 31 ga Disamba. Barewa fara fat tana cikin dabbobin da aka kare, ba a harbin ta. Dangane da makami, doka ta ce sai wanda zai iya kashe dabbar yadda ya kamata, kuma tana ɗaukar baka mai ƙarfin ja na fam 30 da baka mai kunama mai fam 100 a matsayin waɗanda suka wadatar.

Akwai wata al'ada da Wiskonsin ta halatta wadda wasu jihohi suka hana, wato farautar tarayya. A lokacin bindiga, ɗaya daga cikin ayari yana iya harbin barewa a madadin ɗan uwansa da bai yi amfani da izininsa ba, da sharaɗin suna ganin juna ko suna jin muryar juna ba tare da waya ko rediyo ba. Masu baka ba su da wannan dama.

Shiga filin wani

Mafi yawan ƙasar jihar tana hannun masu zaman kansu, kuma doka ba ta wajabta wa mai fili ya kafa allon gargaɗi ba. Nauyin sanin inda mutum yake tsaye yana kan maharbi ne. Ko barewar da ya harba ce ta tsallaka iyaka ta faɗi a gonar maƙwabci, sai ya nemi izini kafin ya shiga ɗauko ta, mai gonar kuma yana da ikon ya ƙi. Ba ƙaramin lamari ba ne wannan. A watan Nuwamba 2004, a gundumar Sawyer, taƙaddama a kan maharbin da aka tarar a kan dakalin farauta na bishiya cikin filin wasu ta ƙare da mutuwar mutum shida da raunata biyu, aka kuma yanke wa wanda ya yi harbin ɗaurin rai da rai.

Manomin da barewa ke yi wa ɓarna yana iya neman taimako ko diyya daga wani asusu da ake tarawa daga kuɗin lasisi, amma da sharaɗin ya buɗe filinsa ga maharba. Inda ɓarnar ta yi tsanani akan ba shi izinin harbi na musamman.

Cutar ramewa da dokar zuba abinci

A watan Fabrairu 2002 aka sanar da cewa an sami cutar da ake taƙaita sunanta da CWD a jikin barewa uku da aka harba kusa da garin Mount Horeb, yamma da Madison babban birnin jihar. Cuta ce da wani gurɓataccen furotin ke haddasawa, tana lalata ƙwaƙwalwa, dabbar ta rame, ta riƙa dalalar da miyau, ta daina tsoron mutum, daga bisani ta mutu. Ba ta da magani ko rigakafi. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, kuma tana iya zama a cikin ƙasa shekaru. Da farko ma'aikatar ta yi yunƙurin ƙarar da barewar yankin baki ɗaya, amma masu filaye da yawa suka ƙi ba da haɗin kai, yunƙurin ya ci tura, cutar kuma ta bazu zuwa gundumomi masu yawa.

Daga nan ne dokoki biyu suka samo asali. Ta farko ta shafi zuba wa barewa masara ko wani abinci don a jawo ta. Inda aka yarda, ba a wuce galan 2 a kowace eka 40. Amma da zarar an sami cutar a wata gunduma, akan hana zuba abinci a cikinta na wata 36, maƙwabciyar gundumar da ke cikin tazarar mil 10 daga inda aka samu kuma na wata 24, kuma duk sabon kamu yana mayar da lissafin farko. Dalilin a bayyane yake, wato tara dabbobi su ci a wuri ɗaya hanya ce ta haɗa miyau da miyau. Ta biyu ta shafi ɗaukar mushen. An taƙaita fitar da barewa sukutum, musamman kai da ƙashin baya, daga gundumomin da cutar ta shafa, sai fa zuwa gundumar da ke manne da su, ko zuwa wurin mahauci mai lasisi ko mai sana'ar adana kai don ado a cikin sa'o'i 72. Tsokar da aka zare daga ƙashi ba ta cikin wannan hani.

Gwajin cutar kyauta ne ga maharba, kuma akwai rumfunan da ake ajiye kan barewa don a cire kaluluwar wuya a auna. Ba a tabbatar da cewa cutar ta taɓa kama mutum ba, amma hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a ci naman barewar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita.

Bayan an harba

Doka ta wajabta wa maharbi ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen nemo dabbar da ya harba, ba a barin ta ta ruɓe a daji. Sannan sai rajista, wadda ta zama wajibi tun 1953. Shekaru da dama akan kai barewar ne wurin rajista, galibi gidan mai ko kantin ƙauye, inda jama'a kan taru suna kallon abin da kowa ya samo. Daga 2015 aka mayar da rajistar ta waya ko ta intanet, a 2017 kuma aka daina ɗaura wa mushen alama. Wa'adin shi ne ƙarfe 5 na yammacin ranar da ke biye da ranar da aka ɗauko dabbar, kuma akan ba maharbi lambar tabbaci. Da waɗannan alƙaluma ne masana ke ƙiyasta yawan barewar kowane yanki, don haka wanda ya ƙi yin rajista yana ɓata lissafin da za a raba izinin baɗi da shi.

Wanda ya sami fiye da buƙatarsa yana iya miƙa barewar ga mahautan da ke cikin shirin sadaka da aka fara a shekarar 2000, su niƙa naman a raba wa rumbunan ciyar da mabuƙata, ba tare da maharbin ya biya kuɗin aikin ba.

Hukunci

Jami'an gandun daji na jihar suna da ikon 'yan sanda. Ƙananan laifuffuka, kamar rashin sa tufafin da aka wajabta ko jinkirin rajista, tara ce. Amma farautar barewa ba tare da lasisi ba, ko a lokacin da aka rufe, ko da taimakon fitila ko jirgin sama, hukuncinta tarar dala 1,000 zuwa 2,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, tare da soke duk lasisin farauta da na kamun kifi na shekara uku. Kotu tana iya ƙwace bindigar. Da yake Wiskonsin tana cikin yarjejeniyar jihohi kan masu karya dokar namun daji, wanda aka dakatar a cikinta yana iya tarar da ƙofa a rufe a sauran jihohin.

Haƙƙin ƙabilar Ojibwe

Akwai maharban da yawancin ƙa'idojin da muka bayyana ba su hau kansu kai tsaye ba. A yarjejeniyoyin 1837 da 1842, ƙabilar Ojibwe ta miƙa wa gwamnatin Amurka ƙasar da a yau ta zama arewacin Wiskonsin, amma ta riƙe haƙƙin farauta da kamun kifi a cikinta. Jihar ta shafe shekaru masu yawa tana kama 'yan ƙabilar da laifin karya dokar farauta, har sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a 1983 cewa haƙƙin yana nan bai faɗi ba. A bisa wannan, rassan ƙabilar guda shida da ke jihar suna farautar barewa a filayen gwamnati na wannan yanki a ƙarƙashin nasu ƙa'idoji, da nasu lokaci wanda ya fi na jiha tsawo, da nasu jami'an tsaro ta hannun hukumar haɗin gwiwar da suka kafa a 1984. A 2015 Mai Shari'a Barbara Crabb ta kotun tarayya ta ba su izinin farautar dare a wannan yanki, bisa sharaɗin maharbin ya yi horo na musamman, ya ci jarrabawar saiti, ya kuma gabatar da tsarin wurin da zai tsaya da fuskar da zai yi harbi tun kafin dare ya yi.